Amsa ga Maman Abba kan katin da yake zirarewa

Assalamu alaikum jama'ar gurup. To Maman Abba na saurari muryarki, kin ce kin sa kati da daddare safiya na yi kusan rabi ya tafi kuma ba ki kira kowa ba, Abba ne kawai ya karɓi wayar ya buga gem. Don Allah kar ki dake shi, ni da nake zaune a shagon waya kullum sai an zo min da irin wannan.

Abin da yake faruwa, gem ɗin nan na kyauta cike suke da talla, wani tallan ma an yi shi kamar wajen da za ka danna wasa ya ci gaba, yaro ya taɓa shi kenan an shigar da layin cikin wani sabis, ko labarin ƙwallo ko waƙar da mai kira yake ji ko kacici-kacicin cin kyauta, kuma abin sabunta kansa yake, kullum su ɗan tsakura su ɗan tsakura, ba ki ankara ba saboda saƙon da turanci yake zuwa kina gogewa. A ƙa'idar NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin waya, sai mutum ya amince kafin a cire masa kuɗi, to amma yaron firamare me ya sani, duk abin da ya fito eh zai danna.

Yanzu ki danna *305# ki ga abin da aka jona miki ki kashe shi, tun 2023 lambar ɗaya ce ko MTN ko Airtel ko Glo. Sannan ki rubuta STOP ki tura zuwa 2442, kyauta ne, wannan tallan da ake turowa ta saƙo yake tarewa, amma fa ba ya cire sabis ɗin da aka riga aka shiga, nan mutane suke ruɗewa. In kin kira kamfanin a 300 sun yi ta ja miki rai, ki kira 622 ki kai ƙara NCC, ki riƙe lambar ƙorafin da kamfanin ya ba ki don za su tambaya.

Wanda ya fi ban tsoro ma filashin ɗin nan na lambobin ƙasar waje, su buga sau ɗaya su katse, yaro ya gani ya ce ai baba ne daga Saudiyya ya bi kira, a riƙe shi da surutu kowane minti kuɗi na tafiya. Ki gaya musu lambar da ba suna ba a bin ta. Manyan yaran kuma, hmm, sun iya *303# sarai, su ci bashin kati ke ki biya.

In za ki ba shi gem ki danna alamar jirgin nan tukuna, ba data ba kira. In *305# ɗin ya gagare ki, aiko Abban da wayar bayan la'asar in duba.