Amsa ga mai tambaya kan OpenFeature da makunnan manhaja

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kuna haɗa manhajar da masu Umara za su riƙa kama mota da ita tsakanin Makka da Madina, kana ta ganin labarin OpenFeature, kana so ka san ko ku ɗauke shi, ko ku biya kamfani ya riƙe muku makunnan da ake kunna sabon abu ko a kashe shi ba tare da an sake fitar da manhaja ba. Ni a Jidda nake, aikinmu kama wa alhazai ɗaki ne, ka ga ba mu yi nisa da juna ba.

OpenFeature ba shi ne zai ajiye maka makunnan ba, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Shi ƙa'ida ce ta yadda manhajarka za ta tambaya, "wannan a kunne yake ko a kashe?" Mai ba da amsar daban yake. Kamar soket ɗin bango mai baki uku ne da muke da shi a nan: ko fanka ka jona ko tukunyar shayi, bangon bai canja ba. Yau kana iya jona mai riƙe makunnai irin Unleash, gobe Flagsmith ko LaunchDarkly, ko flagd wanda su kansu masu OpenFeature suka gina, abin da za ka taɓa wuri ɗaya ne tak. An sanar da aikin a 2022, gidauniyar CNCF, mai kula da manhajojin da kowa ke iya ɗauka kyauta, ta karɓe shi a shekarar, sannan a ƙarshen 2023 ta ɗaga shi zuwa mataki na biyu cikin matakanta uku. Wannan gidauniyar ce ke riƙe da Kubernetes, sanannen tsarin tafiyar da manhajoji a kan kwamfutoci masu yawa, don haka ba abin mutum ɗaya ba ne da zai gaji ya watsar. Lasisinsa Apache 2.0, ba ka biyan ko kwabo.

Abin da ya kai mu gare shi kuɗi ne. Muna tare da wani kamfani da ke lissafin kuɗinsa bisa yawan masu amfani a wata. To kai ka san sana'armu: a Safar shiru, goman ƙarshe na Ramadan kuwa kamar ƙasa za ta tsage. Lissafin ya yi mana nauyi, muka tashi barinsu, sai muka tarar sunansu ya shiga kowane lungu na manhajar. Cire shi ya ci mana lokacin da ba mu da shi. Ku da kuke farawa yanzu, kun tsira daga wannan idan kun sa ƙa'idar a tsakani tun yau.

Akwai wani abu a tsarinsa da nake so ka tsaya a kai sosai. Duk lokacin da ka tambayi makunni, dole ka faɗi amsar da za a ɗauka idan ba a samu saba ba, wato kwamfutar da ke ba da amsar, kuma ba zai rushe maka manhaja don tambayar ta gaza ba. A ofis wannan ƙaramin abu ne. Amma ka tuna dattijon da ya fito daga Harami bayan Tarawihi, intanet ta cushe, yana neman motarsa. Wayarsa ba za ta kai ga sabarku ba, amsar nan da ka rubuta ita zai gani. Don haka kullum ta zama tsohuwar hanyar da kuka tabbatar tana aiki, kada ta zama sabon abin da kuke gwadawa. Mu a daren 27 taswirar otal muke kashewa daga nesa don saba ta samu sauƙi, mutum ya ga adireshi da lambar waya kawai. Da sai mun jira Apple ta duba sabon fitarwa, da Sallah ta riske mu.

Sai bayanan mutane. Don makunni ya san wa zai kunna wa, ana tura masa ɗan bayani kan mai amfani, kamar harshe ko ƙasa. Don Allah kada lambar fasfo ko ta iƙama, wato katin zama a Saudiyya, ta shiga ciki. Dokar kare bayanan mutum ta Saudiyya ta fara aiki a Satumbar 2023, wa'adin gyara ya ƙare a Satumbar 2024, hukumar bayanai ta ƙasar, SDAIA, ce ke kula da ita, kuma ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje. Ku tura lambar da ba ta bayyana kowa. Shi ya sa ma nake son flagd: yana zaune a sabarku, yana karanta dokokinsa daga fayil ɗin rubutu mai tsarin JSON, yana kuma iya kunna abu ga kashi 10 cikin 100 kafin a buɗe wa kowa.

Abin da babu manhajar da za ta yi maka shi ne shara. Makunnin da aikinsa ya ƙare, a cire shi, kuma kada a taɓa sake amfani da sunansa. A ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin Knight Capital na Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45. Sun ɗora sabon aiki kan tsohon makunni, saba ɗaya cikin takwas ba ta samu sabuntawar ba, da aka kunna sai ta tayar da tsohon aikin da aka daina. Mu kowane makunni muna rubuta masa mai shi da watan cire shi, bayan Hajji mu zauna mu share.

Game da labaran aikin, ka bi shafinsu na GitHub, inda ake ajiye lambobin manhajar, da zauren hirarsu a Slack na CNCF, ka sa ido musamman kan OFREP, hanyar bai ɗaya da suke tsarawa don waya ta tambayi saba kai tsaye ko wane ne ke riƙe da makunnan. Ga masu manhajar waya irinku, nan ne amfanin yake. Ku fara da makunni biyu ko uku tun a Rajab, kada ku bari sai an ga watan azumi. Idan kun maƙale wajen haɗa flagd, ka rubuto nan. Allah Ya sa albarka a aikin.