Shaida ce ko fariya?

Tambaya: Baba Fasto, ɗana ya gama jami'a ya sami aiki a Abuja. Ran Lahadi na tashi a majami'a na ba da shaida, har na faɗi albashinsa. Da aka tashi, wata 'yar'uwa a Zumuntar Mata ta ce wai fariya na yi. Abin ya tsaya mini a rai. Laifi ne in faɗi alherin Allah?
Wata uwa daga Kafanchan

Amsa: 'Yar'uwata, barka da arziki, Allah ya ƙara ɗaukaka yaron. Ba da shaida ba laifi ba ne. Mutumin da Yesu ya fitar wa aljanu, cewa ya yi masa ya koma gida ya ba da labari (Markus 5:19).

Albashin nan ne ya dame ni. Daga inda nake zama a gaba ina ganin fuskokin jama'a. Na sha ganin uwa ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta, don nata ɗan ya shekara huɗu yana yawo da takardu. Ki tuna, Bafarisiyen nan, mai tsananin bin addinin Yahudawa, da ke cikin misalin Yesu a Luka 18 ma da godiya ya buɗe addu'arsa, sai ya ɓige da lissafin azuminsa da zakkarsa.

Zuciyarki Allah ne ya sani, ni ba zan yanke miki hukunci ba. Amma ki tambayi kanki: da aka fito, sunan wa mutane suka riƙe? Ita kuma 'yar'uwar, kada ki ƙullace ta. Ki je gidanta cikin makon nan, ki ji ko akwai abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya, ku durƙusa tare.