Tayoyin gaba suna cinyewa ta ciki duk da na yi alaimen sau biyu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006. Wata takwas ke nan da na sa sababbin tayoyin gaba, amma gefensu na ciki ya suɗe, na hagu ma har waya ta fara leƙowa, alhali gefen waje kamar ba a hau ba. Na yi alaimen sau biyu. Idan na shiga rami ina jin "ƙwas-ƙwas" a gaba. Makanikena ya ce a canza ƙafar gaba gaba ɗaya. Haka ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, tayar da waya ta leƙo a cire ta yau, a sa safaya. Irin wannan ce ke fashewa a kan babban titi da tsakar rana, lokacin da kwalta ta ɗauki zafi.

Alaimen ɗin da ka yi sau biyu bai zauna ba ne saboda akwai abin da ke wasa a ƙafar motar, kuma ƙarar da kake ji ita ce shaida. Mai alaimen yana saita tayoyi ne mota tana tsaye cak. Idan kan tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ya saki, ko bushin, robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa, ya yage, da ka bar wurin ka taka birki ko ka faɗa rami, taya za ta koma inda ta ga dama. Abin yana ci mini rai idan na ga an karɓi kuɗin mutum ba tare da an ko girgiza tayar ba.

Ka shafa tayar da tafin hannunka, daga ciki zuwa waje, sannan ka dawo. In ka ji santsi ta ɓangare ɗaya, ta ɗayan kuma haƙoran tayar suna kartar hannunka kamar zarto, to tayoyin ba sa kallon gaba sosai, bakinsu ya buɗe waje. Kada ka raina wannan. Kuskuren milimita 3 kacal tsakanin gaban tayoyin da bayansu yana nufin ana jan kowace taya a kaikaice fiye da mita 2 a kowace kilomita, wato sama da mita 200 na gurza a tafiyar kilomita 100. In kuwa cin ya yi sumul, ya gangara a hankali zuwa ciki, taya ce ta kwanta, samanta ya karkata ciki. Wannan yakan biyo bayan sifirin da ya gaji, ko shokazoba ko lowa'am (ƙarfen ƙasa da ke riƙe taya da jikin mota) da rami ya lanƙwasa. Ci mai tudu da kwari a kewayen taya kuma yawanci aikin mataccen shokazoba ne ko rashin balansin. Iskar taya ba ta cikin waɗanda nake zargi a motarka, don ƙarancinta gefe biyu yake ci tare, yawanta kuma tsakiya.

Ka tsaya a gareji a yi gwajin nan a gabanka. A ɗaga motar da jak, a tokare ta da ƙarfen tokara, kada kowa ya shiga ƙarƙashi da jak kaɗai. A kama taya ta hagu da dama, wato wajen ƙarfe 3 da ƙarfe 9 na agogo, a girgiza. Wani ya sa hannu a kan tayarod ɗin. In akwai wasa zai ji shi a yatsunsa tun kafin ido ya gani, kuma zai bambance ko na waje ne ko na ciki da ke ɓoye cikin robar sitiyari. Sai a kama sama da ƙasa a sake girgizawa; wasa a nan boljoyin ne, wato gaɓar da ke haɗa lowa'am da taya, ko boris da taya ke juyawa a kansa. A sa wani ya danne birki: in wasan ya ɓace boris ne, in yana nan a koma kan boljoyin. Daga nan a zura ƙarfe a ɗan bankare lowa'am, a haska babban bushin na baya da tocila. Roba ce, zafi da ƙura da man da ke ɗiga suna busar da ita, za ka ga ta tsattsage ko ta rabu da ƙarfenta. Na sha ganin wanda ya rabu gaba ɗaya, mai motar yana ta sayen tayoyi.

Linkej, ɗan siririn ƙarfen da ke ɗaure a jikin shokazoba, shi ma yana yin irin ƙarar da ka faɗa, kuma shi ne mafi arha, amma ba ya cin taya. Kada a canza shi kaɗai a ce maka an gama.

Maganar canza ƙafa gaba ɗaya, ban goyi bayanta ba sai an nuna maka wasan kowane ƙarfe da idonka. A wannan Corolla boljoyin ɗaure yake da noti a jikin lowa'am, ana canza shi shi kaɗai. Bushin ma ana iya fitar da shi a matsa sabo da injin matsi. Idan da guduma za a buga shi, gara ka sayi lowa'am ɗin sukutum. Shokazoba kam bibbiyu ake canzawa, hagu da dama, don kada ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Kuma ka duba kayan da kyau ko a Ƙofar Ruwa ka saya ko a Panteka. Ƙarfen Beljiyam yana iya zama lafiya lau, amma robarsa ta yi shekaru kamar taka, don haka bushin da boljoyin na fi son sabo mai inganci. Boljoyin ɗin da robar giris ɗinsa ta fashe kada ka karɓa ko da kyauta ne.

Akwai abu ɗaya da yara a gareji suke yawan mantawa. Notin bushin ba a ƙarasa ɗaure shi mota tana rataye. Sai an sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyi, sannan a ɗaure tamau. In aka ɗaure a sama, robar tana murɗewa da zarar an sauke, ba za ta daɗe ba ta yage.

Bayan an gama wannan ne za ka sa sababbin tayoyi biyu iri ɗaya, ka wuce wajen alaimen a ranar, ka nemi a nuna maka awon kafin gyara da bayansa. A wannan motar saitin tayarod ne ake juyawa kai tsaye. In awo ya nuna tayar hagu tana kwance har yanzu, a nemo abin da ya lanƙwashe. Wajen sayen taya ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar, su ne ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2324 na nufin mako na 23 na shekarar 2024. Iska kuma ka bi abin da aka rubuta a takardar jikin ƙofar direba, a auna da safe taya tana sanyi. Bayan mako uku ka murɗa sitiyari har ƙarshe, ka durƙusa ka sake shafa gefen cikin. In ka ji zarton ya fara dawowa, ka mayar musu da motar tun tayar ba ta yi nisa ba.