Tambayoyinku: Yaya zan yi wa abokan karatuna maganar alherin Allah a Ingila?

Tambaya: Salama a gare ku. Ni 'yar ECWA ce daga Kafanchan, ina digiri na biyu a Manchesta. Mu shida ne a gidan haya: 'yan Sin biyu, 'yar Indiya ɗaya, Turawa biyu, sai ni. Sau uku ina gayyatarsu coci, ba wadda ta zo, ɗaya ma ta fara kauce mini a kicin. Ina na kuskure?

Amsa: Salama, 'yar'uwa. Niyyarki mai kyau ce, sai dai kin fara da abin da ya kamata ya zo daga baya. A ƙidayar 2021, kashi 46 cikin ɗari ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, kashi 37 suka ce ba su da addini. Ga yawancin matasan can, shiga coci kamar a ce ki shiga gidan da ba ki san kowa ba, ana tsakiyar sha'ani.

Ki fara tantance saƙon a ranki. Mu mun san biki: kika kai wa ƙawarki dubu biyar ranar suna, an rubuta, ranar naki za ta dawo da shi har da ƙari. Haka mutane da yawa suke ɗaukar addini, a ba Allah kyawun hali ya biya da Aljanna. Afisawa 2:8-9 ta rushe wannan lissafi: ceto baiwa ce, ba ladan aiki ba, don kada kowa ya yi fahariya. To, idan kika dafa musu dafa-duka don ki ɗaure su da nauyin zuwa coci, biki kika yi musu, kuma za su gane. Ki ciyar da su ko sun zo ko ba su zo ba.

Wata guda ko biyu, ki saurara kawai. Ki tambayi kowacce yadda ake bukukuwa a gidansu, da abin da iyayenta suka gaskata. In an tambaye ki, ki amsa a minti biyu da tawali'u, yadda 1 Bitrus 3:15 ta ce, ki yi shiru.

Wadda ta nuna sha'awa, ki faɗa mata gaskiya ƙarara: "Kina so mu karanta labarin Yesu tare, sau ɗaya a mako, minti arba'in, mako biyar?" Faɗin adadin yana kwantar da hankali, don ta san akwai ƙarshe. Ga nassosin, duka daga Luka: 7:36-50, 15:11-32, 18:9-14, 19:1-10, sai 23:39-43, ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda ba shi da sauran lokacin yin aikin kirki ko ɗaya. Ki buga su a takarda da Turanci mai sauƙi. 'Yar Sin ta buɗe fassarar harshenta a manhajar Littafi Mai Tsarki ta YouVersion. Tambaya uku sun isa: me ya ba ki mamaki, wa ya cancanta a labarin, wa aka karɓa? A labarin ɗan da ya ɓace (15:11-32), kada ki tsaya a dawowar ƙaramin. Ku kai ga babban wan da ya ƙi shiga gida, domin ɗalibai masu ƙwazo sukan ga kansu a wurinsa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne farawa da giya, sutura ko samari. Mai ji zai ɗauka sai ya gyaru kafin a karɓe shi, wato kishiyar abin da kike son faɗa. Gardama ma ba ta haifar da ɗa mai ido. Kuma ki lura, wata za ta ce miki "to" don kara kawai. Ki buɗe mata ƙofar cewa a'a, zumunci ya ci gaba yadda yake.

Kada ki ɗauki kayan ke kaɗai. Ki nemi Christian Union, ƙungiyar ɗalibai Kirista ta jami'arku, 'yar'uwar NIFES ta Najeriya ce a ƙarƙashin IFES, uwar ƙungiyarsu ta duniya, da kuma Friends International, masu shirya zaman shayi domin ɗalibai baƙi. Abu ɗaya kuma muna roƙonki: kada ki sa hoto ko sunan mai karatu da ke a Facebook ko zauren WhatsApp na addu'a. Wasu za su koma ƙasashen da wannan zai jawo musu fitina a gida ko wurin hukuma.