Ba a zaɓi ɗana a NHL ba: jami'a zai tafi ko ya karɓi kwantiragi?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Kanada muke zaune. Ɗana mai shekara 19 yana buga hokin ƙanƙara, kuma sau biyu kulob-kulob na NHL, babbar gasar ƙwararrun hokin ƙanƙara ta Kanada da Amurka, suna zaɓen matasa ba a kira sunansa ba. Wata jami'a a Amurka ta ba shi gurbin karatu don ya buga mata, wani ƙaramin kulob kuma ya yi masa tayin kwantiragi da albashi. Wanne zai ɗauka? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ya tafi jami'a, da zuciya ɗaya nake faɗa miki.

Kulob 32 ne ke zaɓe a zagaye 7, wato kimanin yara 224 a shekara daga duk duniya. Yaron Kanada ko Amurka yana cikin waɗanda za a iya zaɓa daga shekara 18 zuwa 20, don haka ɗanki na da sauran dama guda. In ita ma ta wuce, ya zama ɗan wasa mai zaman kansa, ba kulob ɗin da ke riƙe da shi. A nan ne ribarsa take. Wanda aka zaɓa, kulob ɗaya tak zai iya tattaunawa da shi, ko da kuwa kulob ɗin ya cika da gwanaye a gurbin da yaron ke bugawa. Wanda ba a zaɓa ba, in ya yi fice a jami'a, kulob-kulob ne za su riƙa zawarcinsa, shi kuma ya duba inda zai fi samun shiga fili.

Martin St. Louis ya yi shekara 4 a Jami'ar Vermont, ba wanda ya zaɓe shi, ana ganin ya yi gajarta. A 2004 ya ci kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da kulob ɗin Tampa Bay, aka kuma ba shi kyautar gwarzon ɗan wasan gasar. Chris Kunitz ma ba a zaɓe shi ba, daga Jami'ar Ferris State ya fito, ya ɗaga kofin sau 4. Irin su ba su da yawa, kada in ruɗe ki. Amma wanda bai kai can ba, ya fito da digiri a hannunsa.

Abin da ya fi damuna shi ne kwantiragin nan. Da zarar ya sa hannu a matsayin ƙwararre mai albashi, ƙofar buga wa jami'a a NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, za ta iya rufe masa. Kowa ya yi haƙuri shi ke dafa dutse. Kada ya sa hannu a kowace takarda sai jami'in da ke kula da dokokin wasanni a jami'ar ya gani.

Ki kuma sani cewa tun watan Agustan 2025 an ba 'yan wasan CHL, babbar gasar matasa ta Kanada, damar buga wa jami'o'in Amurka, har fitaccen matashin ɗan wasa Gavin McKenna ya koma Jami'ar Penn State a 2025. Masu neman gurbi sun ƙaru, don haka kada ku yi wasa da wanda kuka samu.

Tambaya: Wani kulob na NHL ya zaɓi ƙanena yana jami'a, amma ba ya son kulob ɗin. Dole ne ya je?

Amsa: Ba dole ba ne, ɗan'uwa, kuma zaɓen bai hana shi ci gaba da buga wa jami'arsa ba. Dokar da aka daɗe ana bi ita ce, kulob na riƙe da haƙƙin ɗalibi har 15 ga Agustan shekarar da ajinsu ya kammala. Jimmy Vesey na Jami'ar Harvard, wanda kulob ɗin Nashville ya zaɓa a 2012, ya jira wa'adin ya cika, ya sa hannu da New York Rangers a 2016. Sai dai jiran na da kasada, domin rauni guda kan rage darajar ɗan wasa. An tsara sabuwar yarjejeniyar NHL da ƙungiyar 'yan wasa ta fara aiki a 2026, saboda haka ya nemi mai ba shi shawara ya tabbatar masa a rubuce wane wa'adi ne ya shafi shekarar da aka zaɓe shi.