Filin Tambayoyin Masu Karatu: Yaya Ma'aikata Za Ta San Kwamfutocin da Ta Mallaka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne jami'in da ke kula da kwamfutoci a wata ƙungiya mai zaman kanta wadda ke da hedikwata a Kaduna da rassa uku a ƙananan hukumomi. Kwamfutocinmu sun haura 70, na tebur da na tafi-da-gidanka, wasu mun saye su sababbi, wasu na hannu ne, wasu kuma kyauta aka ba mu. A watan jiya masu binciken kuɗi suka nemi in kawo musu jerin kwamfutocin tare da bayanin abin da ke cikin kowace, sai na tarar abin da ke littafin sito daban, abin da ke kan tebura daban. Ina neman shawara kan hanyar tattara waɗannan bayanai, kuma ko akwai manhajar da za ta yi mini aikin ba sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Rassanmu biyu ba su da intanet mai ɗorewa. Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Manhajojin da ke yin wannan aiki suna nan, kuma zan ambace su, amma ina so ka fara rarrabe bayanai iri biyu, domin wanda bai rarrabe su ba yakan girka manhaja ya ci gaba da zama cikin ruɗanin da yake ciki tun farko. Iri na farko shi ne abin da kwamfuta ta sani game da kanta, wato kamfanin da ya ƙera ta, da samfurinta, da lambar siriyal, da irin furosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki), da yawan RAM (ma'ajin wucin gadi da take aiki da shi), da girman faifan ajiya, da nau'in Windows ɗin da ke kanta. Iri na biyu kuwa mutum ne kaɗai ya san shi: wa ke riƙe da ita, a wane ofis take, yaushe aka saye ta, da kuɗin wa, kuma yaushe garantinta zai ƙare. Manhaja za ta kawo maka na farko cikin daƙiƙoƙi, amma ba ta da hanyar sanin cewa akantan reshe ya tafi da kwamfutar ofis tun ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Igiyar da ke ɗaure waɗannan bayanai biyu ita ce lambar siriyal, kuma ina kyautata zaton a nan littafinku na sito ya gaza. Yawancin littattafan da na gani suna rubuta abu kamar "HP tafi-da-gidanka, baƙa, guda biyar", kuma da irin wannan rubutu babu wanda zai iya rantsuwa cewa biyar ɗin da ke ofis yau su ne biyar ɗin da aka karɓa shekara uku da suka wuce. Takardar da ke manne a ƙarƙashin kwamfuta takan goge saboda zafi da gumi da yawan ɗorawa a cinya, amma lambar ba ta ɓace ba, domin kamfanonin ƙera kwamfuta suna rubuta ta a cikin babban allon cikin na'urar (motherboard, wanda sauran kayan ciki ke haɗe da shi) bisa wani tsari da ake kira SMBIOS, wanda ƙungiyar DMTF ke kula da shi. Idan ka buɗe PowerShell, wato wurin rubuta umarni a Windows, ka rubuta Get-CimInstance Win32_BIOS, lambar za ta fito. Umarnin msinfo32 yana nuna samfuri da furosesa da RAM a shafi guda, kuma yana ba ka damar adana rahoton a fayil. A kan kwamfuta mai amfani da Linux maimakon Windows, umarnin dmidecode ne ke yin wannan aiki. Kwamfutocin Dell suna da lamba mai haruffa da alƙaluma 7, wadda idan ka shigar da ita a shafin kamfanin za ka ga matsayin garanti da kayan da na'urar ta fito da su daga masana'anta, kuma wannan yana da matuƙar amfani ga kwamfutocinku na hannu.

Sai dai akwai tarko biyu. Kwamfutar tebur da aka harhaɗa a shago sau da yawa ba ta da lamba ko kaɗan, a gurbin lambar za ka ga an rubuta "To be filled by O.E.M." ko "Default string", kuma idan kana da irinta goma, manhaja na iya ɗaukarsu a matsayin kwamfuta ɗaya. Haka nan idan mai gyara ya canza babban allon, lambar da ke ciki za ta saɓa da wadda ke jikin akwatin. Saboda haka ka ba kowace na'ura lambar ƙungiya ta kanku, a rubuta ta da alƙalamin fenti ko a manna takarda mai ƙarfi, a kuma shigar da ita rajista kusa da lambar siriyal. Kada ka dogara da sunan da aka sa wa kwamfuta a Windows, domin yakan tafi duk ranar da aka sake girka Windows ɗin, kuma adireshin intanet ma yana canzawa daga yau zuwa gobe.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa nake nanata wannan magana. An taɓa kirana wani ofis inda wata ma'aikaciya ke kukan kwamfutarta ta yi nauyi tun da ta dawo daga wurin gyaran madannai. Rasit ɗin saye ya nuna RAM mai gigabait 8, kwamfutar kuwa tana cewa 4. Da muka kwance murfin baya, sai ga ramuka biyu na RAM, ɗaya da sandarsa, ɗaya fayau, har ana ganin ƙura ba ta riga ta kwanta a cikinsa ba kamar yadda ta kwanta a kewaye. Ba mu iya tuhumar kowa ba, domin babu wanda ya rubuta abin da ke cikin na'urar ranar da ta fita daga ofis, kuma an yi wata biyu kafin a lura. Da akwai rahoton da aka ɗauka kafin fitarta, da magana ta ƙare a ranar da ta dawo. Umarnin Get-CimInstance Win32_PhysicalMemory yana nuna kowace sandar RAM da girmanta, galibi har da lambarta, don haka ko musanya aka yi za a gane. Ka mayar da shi doka: babu kwamfutar da za ta tafi gyara sai an ɗauki rahotonta, kuma a sake ɗauka a gaban wanda ya dawo da ita.

Game da manhaja, ga ƙungiya mai girman taku na fi karkata ga GLPI, wadda ta samo asali daga Faransa kuma ana samunta kyauta. Ana girka ta a kan kwamfuta ɗaya a hedikwata, sannan a sa wata ƙaramar manhaja mai suna GLPI Agent a kan kowace kwamfuta, ita ce ke karanto bayanan tana aikawa lokaci-lokaci. Dalilin da ya sa na zaɓe ta shi ne tana da gurbin bayanai iri na biyu, wato mai riƙe da na'ura da wuri da garanti da tarihin gyara, a shafi ɗaya da abin da kwamfutar ta faɗa da kanta. OCS Inventory ma tana yin aikin karanto bayanai. Snipe-IT ta ƙware wajen rajistar miƙa kaya da karɓarsu, amma da hannu ake shigar mata da bayanai. Manyan ma'aikatu kan yi amfani da Configuration Manager na kamfanin Microsoft, wanda a tsarinsa na asali yake tattara bayanan kayan ciki kowane kwana 7, yana aika cikakken rahoto a karon farko, daga baya kuma sai abin da ya canza kawai, ko kuma Intune da ake biyan kuɗinsa bisa yawan masu amfani. A ganina waɗannan sun yi muku nauyi a yanzu.

Rassan da ba su da intanet ba su hana komai ba. GLPI Agent tana iya adana rahotonta a fayil a kan kwamfutar, a ɗauko shi a filashi, a shigar da shi a hedikwata. Ka ware filashi guda don wannan aiki kaɗai, ka kuma riƙa bincika shi, domin abin da ya zagaya kwamfutoci ashirin yana iya kwaso cuta daga ɗaya ya raba wa sauran.

Amfanin wannan rajista ya wuce gamsar da masu binciken kuɗi. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma ma'aikatar da ke son ci gaba da samun gyaran tsaro sai ta biya kuɗi a kan kowace kwamfuta, kuɗin da ke ninkawa kowace shekara. Windows 11 kuwa yana buƙatar TPM 2.0 (wani sashen tsaro a cikin kwamfuta), da RAM aƙalla gigabait 4, da ma'aji mai gigabait 64, da furosesa wanda a ɓangaren Intel galibi daga zubi na 8 ne zuwa sama. Kwamfutocin hannu da yawa da ke kasuwanninmu 'yan zubi na 6 da na 7 ne, masu ƙarfi da kyan gani, amma ba su cika wannan sharaɗi ba. Idan shugabanninka suka tambaye ka nawa za a ware a kasafin baɗi don sauya kwamfutoci, rajistar ce za ta ba ka amsa da adadi da sunan ofis, maimakon ƙiyasi. Ba banza ba jerin matakan tsaro na cibiyar CIS ta Amurka ya sa sanin na'urorin da ma'aikata ta mallaka a matsayin mataki na ɗaya, domin na'urar da ba a san da ita ba babu mai sabunta mata tsaro. Ka haɗa da lafiyar batir, wadda umarnin powercfg /batteryreport ke nunawa ta hanyar kwatanta ƙarfin da batirin ya fito da shi da wanda ya rage masa, abin da ke da muhimmanci a inda wutar lantarki ba ta da tabbas.

Duk da haka, ba zan ɓoye maka ba, bin kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya ba makawa, aƙalla a karon farko, sannan sau ɗaya a shekara. Gani ya kori ji. Manhaja ba ta ganin kwamfutar da ke kulle a sito, ba ta ƙirga caja da sitabilaiza da majigi, kuma ba ta san wadda allonta ya tsage ba. Ka tafi tare da jami'in sito, kowa ya sa hannu a takarda cewa ya karɓi na'ura mai lamba kaza da cajarta. Bayan haka, aikinka na kowane wata shi ne duba wuraren da rajistar biyu suka saɓa: kwamfutar da ke littafi amma ta yi kwana 30 ba ta aiko da rahoto ba, da wadda ke aiko da rahoto amma babu ita a littafi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. A ofishinmu an sa wa kwamfutocinmu wata manhaja, aka ce ta ƙidayar kaya ce. Hankalina bai kwanta ba. Shin za ta iya karanta saƙonnina, kuma ya zama dole in yarda a sa ta a kwamfutar da na saya da kuɗina? Daga wata mai karatu a Sakkwato.

AMSA: Barka kadai, Malama. Manhajar ƙidayar kaya ta gaskiya, irin waɗanda na ambata a sama, tana karanta kayan cikin kwamfuta, da jerin manhajojin da aka girka, da adireshin na'urar, da sunan wanda ya shiga ta a ƙarshe. Ba aikinta ba ne buɗe saƙonni ko hotuna. Amma damuwarki tana da tushe, domin wasu manhajojin sarrafa kwamfutoci suna haɗa ƙidaya da ikon shiga na'ura daga nesa, kuma daga kallon allo ba za ki iya bambancewa ba. Ki tambayi jami'in kwamfuta sunan manhajar, ki kuma roƙe shi ya buɗe miki shafin kwamfutarki a rajistar ki ga abin da aka tattara da idonki. Jami'in da ke aikinsa tsakani da Allah ba zai ƙi ba. Sunanki da ke haɗe da na'urar bayani ne da ya shafe ki, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke lura da aiwatar da ita, ta ba ki haƙƙin sanin abin da ake tattarawa game da ke da dalilin tattara shi.

Kwamfutar da kika saya da kuɗinki kuwa ba kayan ofis ba ce, saboda haka ba ta da gurbi a rajistar kadarorinsu. Ofis na da ikon cewa na'urar da ba ta bi sharuɗɗansa ba ba za ta hau intanet ɗinsa ko ta taɓa fayilolinsa ba, ke kuma kina da ikon cewa ba za a girka miki komai ba sai da yardarki. Idan aka tsaya a nan, ki rubuta wa shugaban sashenki takarda ki nemi a ba ki kwamfutar ofis, taki kuma ki bar ta a gida.