Amsa ga mai tambaya kan kos ɗin kalkulas na shekarar farko

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce za ku shiga MTH 102, wato kos ɗin kalkulas, a zango na biyu, malami ya karanto muku dokokinsa har gabanka ya faɗi, kana tambaya wanne ne da gaske, wanne ne barazana. Ni sau biyu na zauna wa kos ɗin nan, na biyun da kari-oba (maimaita kos bayan faɗuwa), daga baya kuma na yi wa 'yan sashenmu tutoriyal har na gama, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Batun halartar lakca kashi 75 ba malaminku ne ya ƙirƙiro shi ba, yana cikin ƙa'idojin da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta shimfiɗa wa jami'o'i. Ma'anarsa, cikin kowace lakca huɗu ka zauna uku. A ajin da ya cika ɗakin taro, wani malamin ba ya bi ta kan takardar sa hannu, amma wani yana ajiye ta a aljihun tebur sai ranar da makinka ya tsaya a 38 ka zo roƙo, sannan ya zaro ta. Sa wa aboki hannu kuwa, bar shi. Idan aka ƙirga kawuna suka gaza sunaye, duk ajin ke shan wahala.

Inda nake so ka tsaya sosai shi ne CA, wato makin da ake tarawa a tes da aikin gida kafin jarrabawa. A yawancin wurare maki 30 ne, jarrabawa 70, wasu sassan kuma 40 da 60. Yi lissafin da kanka. Idan maki 40 ne tsira a makarantarku, wanda ya tara 22 a CA 18 kawai yake nema a jarrabawa, in ya samu 48 ma ya shiga A. Ni a karon farko 8 na samu, domin tes na farko ya same ni ina gida wajen biki, na ɗauka za a sake. Ba a sake ba. Na shiga jarrabawa ina neman 32 a kos ɗin da ban fahimci rabinsa ba, F ta fito, kuma sifilin nan ya bi CGPA ɗina, wato matsakaicin makina na duk zanguna, har aji huɗu. Idan rashin lafiya ce ta hana ka tes, karɓi takarda daga asibitin makaranta, ka kai wa malami da jami'in da ke kula da ajinku a cikin makon nan, kada ka bari sai sakamako ya fito.

Dokar da ɗalibai suka fi rainawa ita ce ta nuna hanyar aiki. Mun fito daga JAMB inda ake zaɓen A, B, C ko D, hannu ya saba da tsalle zuwa amsa. A nan makin yana warwatse ne a kan layuka. Idan aka ce nemo dy/dx na x² daga tushe, ka rubuta 2x ka ja layi biyu, amsarka daidai ce amma kusan ba ka da komai, don abin da ake son gani shi ne f(x+h) − f(x) bisa h, da yadda h ta tafi sifili. Wanda ya bi hanya ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe ya fi ka maki nesa ba kusa ba. Haka + C a ƙarshen intigireshan: na ga mai mantawa da ita a tambaya biyar, aka yanke masa a duk biyar ɗin.

Kuma gaskiya, ba kalkulas ɗin ce ke kayar da mutane ba, aljabra ce da tirigonometiri na sakandare. Ɗauki limit na (x² − 4)/(x − 2) idan x ta doshi 2. Sabon abu a ciki bai wuce layi ɗaya ba. Sauran aikin shi ne ka gane cewa x² − 4 daidai yake da (x − 2)(x + 2), ka soke, 4 ta fito. Duk wanda na zauna da shi a tutoriyal yana cewa bai gane limit ba, in na bincika sai in tarar nan ne ciwon. Idan ba ka yi Further Maths ba kada ka karaya, ni ma ban yi ba, amma ka ba makonni biyun farko ga fakta, indisis, logaridim da sin²x + cos²x = 1 da 'yan uwansa.

Kalkuleta: tambayi malaminku wacce ya yarda da ita tun yanzu. Mai ajiye rubutu haramun ce kusan ko'ina, wasu ma ba sa son Casio fx-991ES saboda tana fitar da intigireshan mai iyakoki. Ka goge duk abin da ke rubuce a murfinta, ko da na bara ne, don masu sa ido ba sa sauraron bayani, kuma hukuncin satar amsa yana kaiwa ga dakatarwa ko kora. Waya kuwa ko a kashe take kada ta shiga da kai. Sannan ka mayar da kalkuletar kan radiyan. Na taɓa gwada sin x bisa x da ƙaramar lamba ina jiran 1, sai ga 0.01745, na kwana ina zargin littafi, ashe a digiri take.

Aikin gida ana kwafa, kowa ya sani, malamin ma ya sani. Matsalar ita ce tambayoyin nan su ne ke dawowa a tes da ɗan canjin lamba. A karo na biyu tambaya biyar nake yi kullum bayan sallar asuba, da biro, littafi a rufe, ranar Asabar kuma mu huɗu mu warware tambayoyin shekarun baya a kan allo. CA ta zo 24, na fita da B.

Turo mana hoton jadawalin kos ɗin da ya ba ku, in nuna maka makonnin da bai kamata ka yi fashi ba. Na ƙa'idar sarƙa, inda sin 3x ke komawa 3cos 3x, yana cikinsu.